Tsohuwar Taraktar Baba: A Sayar wa 'Yan Gwangwan Ko A Kwance?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana wata tsohuwar tarakta a bayan gida, tun ina yaro take nan a kafe ƙarƙashin darbejiya. Fenti ya koɗe, sai ɗan ja-ja a wasu wurare, sunan da ke jikin bodin ma ya goge. 'Yan gwangwan sun matsa mu sayar musu a kan kilo. Ta yaya zan gane wace iri ce, kuma akwai abin mora a jikinta?
Daga wani mai karatu a Bakori

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗana, ka sallami 'yan gwangwan tukuna. Su ƙarfe suke aunawa, ba ruwansu da abin da ke cikinsa, alhali famfon gas kaɗai, wato mai tura gas cikin inji, in yana da lafiya, ya fi tulin ƙarfe mai yawa daraja.

Ja da ka gani bai isa shaida ba. Massey Ferguson ja ce, amma Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi ita ma ja ce da fari. Ford shuɗiya ce, John Deere koriya da ɗorawa, tsofaffin Fiat kuwa ruwan lemo. Ɗauki wuƙa ka kankare jikin giyabos, wajen da rana ba ta duka. In ka tarar da ruwan toka ƙarƙashin dattin, ga bodi ja, to ka kama hanyar Massey. Daga nan ka ƙirga siraran bututan ƙarfe da suka taso daga famfon gas zuwa kan inji. In uku ne, injin Perkins mai silinda uku ke nan, irin na Massey samfurin 135 da aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, ko ƙanwarta 240. In huɗu ne, ka doshi su 165 ko 375. Sai ka nemi ɗan farantin lamba a kusa da sitiyari, da lambar da aka buga a jikin bulok. Ka wanke da kananzir da tsohon buroshi, kada ka sa ta da samfefa ka cinye rubutun. Ka ɗauki hoto, duk mai sayar da kayan tarakta a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna zai karanta maka. Af, kafin ka zura hannu cikin bonet, ka bubbuga da sanda. Maciji da zirnaƙo na son irin wannan masauki.

In ta tabbata mai silinda uku ce, ni ba zan yi gaggawar kwance ta ba. Kamfanin Millat na Pakistan ya daɗe yana ƙera 240 da injin wannan dangi, don haka fistin da zobba da gasket ba sa wuyar samu. Abin dubawa shi ne ko ruwan sama ya bi ta salansa ya shiga silinda, tunda salansar a tsaye take, baki sama. Zaro ma'aunin baƙin mai. In ya fito fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga. Cire nozul-nozul, wato masu fesa gas cikin silinda, ka zuba gas a kowane rami, ka bar shi ya jiƙa mako guda ko biyu, sannan ka sa babbar sifana a notin fulin gaba ka gwada juyawa a hankali, gaba da baya. Kada ka yarda a ja ta da mota wai don ta tashi. In fistin ya cije, sandarsa za ka lanƙwasa, ka mai da abin gyara abin zubarwa.

To in bulok ya tsage, ko injin ya ƙi motsi sam, sai a kwance. Fara da famfon gas da nozul, ka toshe bakunansu ka naɗe a leda, ƙura ce ajalinsu. Sai kan inji, karanshaf, kik, lagireto, famfon haidirolik da ke cikin gidan baya, aksil da wili. Kowane abu a buhunsa tare da notocinsa, a rubuta suna. Tayoyin da suka shekara a rana kam ka yafe su.

Wurin raba ta biyu nake ja maka kunne. Irin wannan tarakta ba ta da shasi kamar mota, inji da giyabos da gidan baya su ne ƙashin bayanta. Da zarar an kwance notocin tsakiya, kowane ɓari zai nemi ƙasa. A tokare duka biyun da kauraran katako, a kuma cusa katako a aksil ɗin gaba don kada injin ya kife. Ka samo makaniken tarakta, ba na mota ba.

Kuma tunda gado ce, ka zauna da sauran magada kafin ka kunce noti ko ɗaya. Ka binciki takardun Baba ma, domin da yawa daga taraktocin zamanin shirin noma na Green Revolution na Shagari daga hannun gwamnati suka fito, mai saye na kirki zai nemi rasidin gwanjo. Abin da ya rage bayan an tsince, gangar jiki da ruɓaɓɓen bodi, shi ne rabon 'yan gwangwan, kuma a auna a gabanka.