Amsa ga mai tambayar ma'anar bincike da amfaninsa

Ƙanwata, kin tambayi mene ne bincike da amfaninsa, kin ce malaminki a Jami'ar Jihar Gombe ya ce ki kawo take uku na binciken da za ki yi, kin rasa ta inda za ki kama.

Bincike shi ne ki ɗauki tambayar da ba a riga an san amsarta ba, ki nemo amsar ta hanya mai tsari, yadda wani zai iya bin sawunki ya ga ko zai isa inda kika isa. Manufarsa raba zato da tabbas. A 1854 kwalara ta ɓarke a Landan, mutane da yawa na ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Wani likita, John Snow, ya sa alama a taswira duk inda aka yi rasuwa, sai ya ga sun taru a kewayen famfon ruwa guda. Aka cire hannun famfon. A nan gida kuwa, waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda aka saki a 2019, aikin masu binciken Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ne.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne take. "Matsalolin noma a Jihar Gombe" ya yi faɗi, shekara goma ba ta isa ba. Ki matse shi: wane amfani, wace matsala, a ina, su wa. Misali, asarar tumatir tsakanin gona da kasuwa a wajen manoman rani na Dadin Kowa. Daga nan ki fitar da manufa uku, kada su wuce haka: yawan asarar, inda ta fi faruwa, da dabarun da manoma ke bi su rage ta. Kowace manufa ta zama tambaya, kowace tambaya ta sami gurbinta a takardar tambayoyi, babi na huɗu na rahoton binciken kuma ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Bitar ayyukan da suka gabata, wato babi na biyu, aikinsa nuna abin da magabata suka gano da giɓin da suka bari. Idan babu giɓi, babu hujjar ci gaba da binciken.

Sai yawan mutanen da za ki tambaya. Ana yawan amfani da lissafin Yamane, wata ƙa'ida ta fitar da wannan adadi, a jami'o'inmu: idan manoman duka 1,000 ne, kika amince da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, zai ba ki mutum 286 da za ki tambaya. Amma yadda aka zaɓe su ya fi adadin muhimmanci. Idan waɗanda kika tarar a bakin titi kawai kika tambaya, kin bar masu gonaki a can cikin fadama, alhali mai yiwuwa su ne tumatirinsu ya fi daɗewa kafin ya ga mota. Ki nemi jerin sunaye wajen shugabannin manoma, ki ɗauki kowane suna na uku.

Kafin ki buga takardu da yawa, ki gwada su a kan mutum 15 zuwa 20. Nan za ki gane manomi ba ya lissafi da kilo, da kwando yake yi, kwanduna kuma ba girmansu ɗaya ba. Ki auna guda goma a sikeli ki fitar da matsakaici. Ki guji tambaya irin "ba ka ganin rashin hanya ne ke jawo asara?", domin kin riga kin sa masa amsa a baki, kuma mutanenmu da kunya, zai ce e don kada ya musa wa baƙuwa. Ki fara gaida mai unguwa, ki faɗa wa kowa abin da za ki yi da amsarsa, kada ki rubuta sunansa, kada kuma ki bari a zaci tallafi kika kawo, don nan take asarar kowa za ta ninka.

Ina roƙonki, kada ki zauna a ɗaki ki cike takardun da kanki, kada kuma ki sayi aikin wani a shagon kwamfuta. Ranar da za ki tsaya gaban malamai ki kare aikinki, tambaya ɗaya ke tona asiri, kuma wani na iya gina shawara a kan alƙaluman ƙarya. Idan sakamakon ya saɓa wa zatonki, ki rubuta shi yadda ya zo.

Take ukun nan, ki auna kowanne da abu uku kafin ki kai wa malam: kuɗin motarki zai kai ki wurin sau da yawa, mutanen za su yarda su yi magana da ke, kuma za ki gama tattara bayanai cikin wata biyu. Wanda ya cika ukun shi za ki sa a farko.