Ƙashin ƙugu ba ya buɗewa da ƙwaya

Wata ɗaliba mai karatun ungozoma a Yamai tana son sayen ƙashin ƙugu na roba don bita, ta ce yaya za ta gane na mace ne?

'Yata, dubi gaba, ƙasan inda ƙasusuwan biyu suka haɗu. A na mace wurin a buɗe yake, kamar tazarar babban yatsa da manuni in kin ware su, na namiji kuwa a tsuke. Mashigar na mace ta fi faɗi da zagaye, ramin ba zurfi. Na namiji ya fi zurfi da kauri. Ku haɗa kuɗi ke da abokan karatunki ku sayi guda, ya ishe ku.

Wata daga unguwar Bukoki ta Yamai ta ce aurenta ya kusa, an nuna mata ƙwayoyi da man shafawa na "ƙarin ƙugu" a kan jika 15, wanne ya fi saurin aiki?

Haba ƙanwata! Ba ko ɗaya. Ƙashin ƙugu ƙasusuwa uku ne a kowane gefe, suna manne wa juna a shekarun balaga, kuma ba man da zai ratsa fata ya je ya faɗaɗa su. Abin da kike gani ga masu sha kumburi ne da kitse. Da yawa daga irin waɗannan ƙwayoyi da ake yawo da su a faranti cikin rana akwai sinadarin kotikoyid a ciki, irin su dexamethasone, wanda likita ke bayarwa da lissafi don cuta ta musamman. In aka daɗe ana sha, fuska ta kumbura, fata ta tsattsage, ga hawan jini, ga ciwon suga. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙashin da kike son ƙarawa shi maganin ke ci: yana rage masa ƙarfi, yana iya kashe kan ƙashin cinya inda ya shiga kwankwaso, yarinya ƙarama ta koma ɗingishi. Mai tallar ya karɓi kuɗinki ya wuce wata kasuwa, wa za ki kama? Wadda ta riga ta jima tana sha kada ta yanke rana ɗaya, akwai haɗari, ta je likita a rage mata sannu a hankali. Jika 15 ɗinki ki sa a kayan ɗaki.

Sai wata baiwar Allah daga Tawa, cikin fari, wata shida. Tsofaffin gida sun ce ƙugunta ƙarami ne, sun ce ta sayi jiƙon da ke buɗe ƙugu. Ta ce ko barci ba ta iyawa.

Kwantar da hankalinki, 'yata. Faɗin da ido ke gani daga waje ba shi ke nuna faɗin hanyar da jariri zai bi ba. Sirara da yawa sun haihu lafiya. Kuma jikin mai ciki da kansa yake sassauta jijiyoyin da ke riƙe da gaɓoɓin ƙugu. Jiƙon nan ki bar shi, wani yana tayar da naƙuda da ƙarfi alhali hanya ba ta buɗe ba. Kuɗin ki ajiye na mota. Kada ki fasa zuwa awo, ki gaya wa ungozoma tsoronki, kuma ki haihu a likita. In naƙuda ta yi tsawo aka ce aiki za a yi, ki yarda, don doguwar naƙuda a gida ita ke jawo yoyon fitsari. Tun yanzu ki zauna da maigidanki ku tsai da wanda zai kai ki ko da tsakar dare ne. Allah ya sauke ki lafiya.