Tambaya da Amsa: In mayar da MP3 ɗina FLAC don sauti ya gyaru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa kayan sauti a falona, amfilifaya da manyan sifikoki biyu. Yawancin waƙoƙina MP3 ne da aka tura min a kati a kasuwa, sai fayafayan CD kusan arba'in da yayana ya ba ni. Wani abokina ya ce in mayar da su duka FLAC, wai sauti zai fi fita tas. Haka ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar abokinka daidai ce a kan fayafayan CD. A kan MP3 ɗin da ke katinka kuwa, cika wuri kawai za ka yi.

Ga yadda abin yake. CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo da bit 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanan kwamfuta), ɓangaren dama da na hagu. Minti ɗaya na cin wajen megabait 10. Don rage wannan nauyin ne injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka yi aikin MP3 a farkon shekarun 1990. Dabararsu ita ce a zubar da abin da aka lissafa kunne ba zai lura da shi ba, misali ƙaramin sautin da babba ya danne. CD na tafiya da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 da aka fi yawo da shi kuwa 128 ne. Shi FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, matsewa yake yi ba tare da ya yar da komai ba, amma abin da aka ba shi kaɗai yake adanawa. Garin da aka tankaɗe aka ba kaji dusarsa, ko a wane babban buhu ka juye shi dusar ba za ta dawo ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne asalin waƙoƙin katin nan. Da yawa daga YouTube ake ciro su, inda an riga an matse sautin, sannan a sake matse shi zuwa MP3 a rubuta masa kilobit 320. Matsa biyu ke nan, lambar kuma ba ta gaya maka gaskiya ba. Ka sa waƙar da ke da tafi ko caki ka kasa kunne: a fayil mai kyau kowane tafi yana fita da kaifinsa, a wanda aka wahalar kuwa sai ka ji ya yi laushi, yana wani shuu-shuu a bayan muryar mawaƙi. Idan kana da kwamfuta, akwai manhaja kyauta mai suna Spek da ke zana sautin fayil. In ka ga zanen ya yanke ƙaf a wajen hertz 16,000 (ma'aunin sirantakar sauti), galibi asalinsa 128 ne, ko me aka rubuta a kansa. Irin waɗannan ka bar su yadda suke har ka samu mai kyau.

Fayafayan yayanka su ne dukiyar, kuma ina roƙonka kada ka jinkirta, domin ƙurar hunturu da karcewa ba sa raga wa CD. Ka kwafe su zuwa FLAC da manhajar Exact Audio Copy. Kowanne zai koma wajen rabin girmansa ko ɗan fiye, arba'in ɗin za su shiga kati mai gigabait 32 har da saura. Wannan ita ce uwar, ka ajiye ta wuri biyu. Duk lokacin da kake son na waya ko na mota, daga uwar za ka ciro MP3 mai 320 ko AAC (wani tsarin matsewa irin na MP3) mai 256. WAV, wato fayil ɗin da ba a matse ba, sautinsu ɗaya da FLAC, sai dai ya fi cin wuri, kuma sunan waƙa da na mawaƙi kan ɓace a cikinsa.

Ban san ta wace hanya kake haɗa waya da amfilifaya ba, amma in ta Bluetooth ne, ka sani ana sake matse sautin a hanya, ko da FLAC ka kunna. Ka yi amfani da kebul, ko ka duba ko ramin USB na na'urarka yana karanta FLAC.

Za ka kuma ji ana tallar fayiloli masu bit 24 da awo 96,000. A situdiyo suna da amfani wajen haɗa sauti. A falo ni ban ga dalilin ƙona data a kansu ba: kunnen yaro mai lafiya iyakarsa wajen hertz 20,000, yana raguwa da shekaru, CD kuwa yana ɗaukar har 22,050. Kada ka tsaya ga maganata, manhajar foobar2000 tana da ƙarin gwajin ABX, wanda ke ɓoye maka sunan fayil ya ce ka bambance da kunnenka.

Kafin duk wannan, yau da dare ka janye sifikokin nan daga jikin bango da lungu kamar kamu ɗaya, ka daidaita su da tsayin kunnenka in kana zaune, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da wadda ke tsakanin kowacce da kujerarka. In falon tayil ne, ka shimfiɗa darduma a gabansu.