Hukuncin mayar da mota, kayan gyara da injin walda bayan an ƙulla ciniki

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mai walda ne. Na tara kuɗi na sayi mota ta hannu don ƙanena ya riƙa haya da ita tsakanin Kano da Zariya. Mai motar ya ce mini a gaban dillali ba a taɓa buɗe injinta ba, amma a takardar ciniki an rubuta cewa yadda na gani haka na saya, babu mayarwa. Bayan mako uku muna aiki da ita sai ta fara zafi da hayaƙi a hanya, da ƙyar aka lallaɓo ta gida. Bakanike ya duba ya ce an taɓa sauke injin, an yi masa aikin wucin gadi, an zuba baƙin mai mai kauri don ya ɓoye hayaƙi da ƙara. A ranar na kira mai motar, ya ce in je in karanta takarda. Na biyu, na sayi takalman birki a kan cewa orijina ne, ashe jabu ne. Na uku, na sayi injin walda, lafiyarsa ƙalau, sai dai daga baya na ga irinsa da sauƙi a wani shago, kuma raina ya fita daga kansa. Wanne nake da haƙƙin mayarwa? Abokaina kuma suna cewa in zuba wa motar irin wancan man in sayar wa wani in huta.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Abubuwa uku ka kawo, kuma duka ukun nadama ce ta haɗa su a zuciyarka, amma a shari'a ba hukuncinsu ɗaya ba. Nadama ita kaɗai ba ta warware ciniki. Abin da ke ba mai saye damar mayarwa shi ne aibin da aka ɓoye masa, ko siffar da aka sharɗanta masa bai same ta ba, ko zaɓin da suka yi yarjejeniya a kansa tun farko. Asalin ciniki idan ya ƙullu da yardar juna shi ne ya lizimci kowa, saboda umarnin Allah a farkon Suratul Ma'ida na a cika alkawura, da abin da ya zo a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i cewa kada a ci dukiyar juna da ɓarna sai dai ta hanyar kasuwanci bisa yarda. To amma yardar da aka samo da ƙarya ba ita ayar take nufi ba.

Mu fara da motar, don nan ne maganar take da nauyi.

Kana da haƙƙin mayar da ita ta fuska biyu. Ta farko, an faɗa maka ba a taɓa buɗe injin ba, ka saya a kan haka, kuma kowa a kasuwar motoci ya san wannan kalma tana ƙara wa mota kuɗi. Malaman Malikiyya sun tabbatar da cewa ana mayar da kaya idan aka rasa siffar da aka sharɗanta wadda mai saye yake da buƙata a cikinta. Ta biyu, zuba mai mai kauri don inji ya yi shiru na 'yan kwanaki shi ne ainihin abin da fiƙihu ke kira tadlisi, wato yi wa kaya wani aiki don ya bayyana da kyawun da ba shi da shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ƙi tatsar raƙuma ko tunkiya don hantsarta ta cika a ɗauka mai yawan nono ce, ya kuma ba wanda ya saya zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Wanda ya tara nono a hantsa da wanda ya zuba mai mai kauri a inji aiki ɗaya suka yi. Haka nan Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Takardar da yake cewa ka karanta ba ta kare shi. Malamai suna kiran wannan sharaɗi bara'a, wato mai sayarwa ya ce ya kuɓuta daga duk aibin da za a gani. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa a kan dirhami 800 da irin wannan sharaɗi, sai mai sayen ya sami cuta a jikin bawan, aka kai ƙara gaban Usman ɗan Affan. Usman ya hukunta cewa Ibn Umar ya rantse bai san da cutar ba lokacin da ya sayar. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, daga baya bawan ya warke ya sayar da shi dirhami 1,500. Daga nan aka fahimci cewa bara'a ba ta rufe aibin da mai sayarwa ya sani. A mashhurin mazhabar Malik ma an taƙaita amfaninta ga cinikin bayi kaɗai, kuma a kan abin da mai sayarwa bai sani ba, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala. Hanafawa sun faɗaɗa, sun inganta sharaɗin a kowane kaya, amma ko a wajensu ɓoye aibi da gangan zunubi ne, kuma a mas'alarka akwai ƙari, don mutumin ya furta siffa da bakinsa. Bai yiwuwa ya ce ba a taɓa buɗe inji ba, sannan ya fake da takarda idan aka tarar an buɗe.

Sai dai akwai abubuwan da ya kamata ka kiyaye don kada haƙƙinka ya zube da hannunka. Duk abin da ke nuna yarda bayan ka san aibin yana kayar da zaɓin mayarwa. Idan ka mayar da motar hanya ta ci gaba da haya, ko ka kai ta kasuwa kana neman mai saye, ko ka yi shiru kwanaki ba tare da uzuri ba, alƙali zai ɗauka ka yarda. Lallaɓo ta gida da aka yi ba ya cikin wannan, don malamai sun keɓe matafiyin da ya ga aibi a dabbarsa a tsakiyar hanya kuma ba shi da yadda zai yi sai ya hau ta. Kiran da ka yi a ranar kuwa ya yi maka amfani ƙwarai. Ka ajiye motar, ka kafa shaidu cewa ba ka yarda ba.

Kuɗin hayar da kuka samu a mako ukun nan naka ne, ba za ka mayar ba. Abu Dawud da Tirmizi da wasunsu sun ruwaito daga Nana A'isha cewa amfanin abu na wanda yake ɗauke da lamuninsa ne. Da motar ta ƙone a kwanakin nan, asararka ce, saboda haka abin da ta samo ma naka ne. A ɗaya ɓangaren kuma ba za ka nemi ya biya ka kuɗin fetur da ƙananan hidimomin da ka yi mata ba. In ka sa mata sababbin tayoyi ko batir, cire abinka ka mayar da nasa.

Mutane da yawa suna cewa, to ni zan riƙe motar, a rage mini kuɗi. A mazhabar Malik, matuƙar kayan suna nan yadda suke, zaɓi biyu ne: ka mayar ka karɓi kuɗinka duka, ko ka riƙe ba a ba ka komai. Ragin ba ya zama dole sai in wani sabon aibi mai tasiri ya same ta a hannunka, kamar ƙanenka ya yi karo da ita. A nan sai ka zaɓa tsakanin riƙewa da karɓar kimar tsohon aibin, ko mayarwa tare da biyan abin da sabon ya rage. Hanbalawa suna ba mai saye damar neman ragin tun farko. In kuma kun daidaita a kan ragi da yardarku, sulhu ne, babu laifi a wajen kowa. Yadda ake lissafin shi ne a kimanta motar tana lafiya, a kimanta ta da aibin, a cire wannan kaso daga kuɗin da aka biya. Misali, in kimarta lafiyayya naira miliyan 5 ce, da aibin kuma miliyan 4, aibin ya ci kashi ɗaya cikin biyar. In ka saya miliyan 4 da rabi, za a mayar maka da naira 900,000. Idan kuwa ta tabbata shi ya ɓoye aibin, sannan injin ya buga motar ta lalace ta dalilin wannan aibin, kuɗinka gaba ɗaya yake kansa.

Duk wannan yana tsaye ne a kan hujja, kuma ni ɓangarenka kaɗai na ji. Ƙa'ida ita ce maganar mai sayarwa ake kamawa tare da rantsuwarsa idan ya musanta cewa aibin tsoho ne, sai in masana sun shaida akasin haka. Saboda haka maganar bakanikenka shi kaɗai ba za ta wadatar ba in an kai ga jayayya. A samo ƙwararru biyu da ba su da alaƙa da kowannenku su duba. Malamanmu sun yarda a karɓi bayanin masani a irin wannan ko da ba Musulmi ba ne idan ba a sami wani ba, domin labari ne na sana'a. Dillalin kuma shaida ne a kan abin da aka faɗa a gabansa, kuma haramun ne ya ɓoye shaidar don tsoron rasa la'ada. In da ma ya san halin injin ya yi shiru, ya shiga cikin zunubin. Mai yiwuwa ne kuma shi mai motar a haka ya saye ta bai sani ba. Wannan zai ɗauke masa zunubin ha'inci, amma ba zai hana a mayar masa da motarsa ba, shi ma sai ya bi wanda ya sayar masa. Ka fara da dattawan kasuwar da shugabannin dillalai, in abin ya faskara ka tafi kotu.

Kada kuma a wuce gona da iri. Motar hannu ba sabuwa ba ce. Tayar da ta sude, kujerar da ta yage, fentin da ya koɗe, da duk abin da ido ke gani ko al'ada ta san tsohuwar mota ba ta rasa shi, ba aibin da ake mayarwa saboda shi ba ne.

Takalman birki hukuncinsu a fili yake. An ce maka orijina ne, ka biya kuɗin orijina, aka ba ka jabu. Ka mayar ka karɓi kuɗinka, kuma rubutun da ke jikin rasit cewa kaya in sun fita ba sa dawowa yana aiki ne a kan wanda ya canza ra'ayi, ba ya halatta wa mai shago kuɗin ƙarya. Sayar da mai araha ba laifi ba ne idan an faɗa wa mutum matsayinsa ya zaɓa. Ina roƙon 'yan'uwanmu masu shagunan kayan gyara su ji tsoron Allah a kan birki da taya musamman, domin motar haya rayukan mutane take ɗauke da su.

Injin walda kuwa ya zama naka. Ba shi da aibi, ba a yi maka ƙarya ba, ba ku sa sharaɗin zaɓi ba, kuma kun rabu da wurin cinikin, don haka ko a wajen Shafi'i da Ahmad da suke ba da zaɓi kafin a rabu, lokacin ya wuce. Samun irinsa da sauƙi a wani shago ba hujja ba ce. Tsada ba ta warware ciniki a mashhurin mazhaba, sai ga wanda ya sallama wa mai kaya ya ce ban san kuɗinsa ba, sayar mini yadda kake sayar wa mutane, aka kuma cuce shi. Kai kuwa ɗan sana'a ne, ka yi tayi aka sallama maka. Abin da ya rage maka shi ne ka roƙe shi ya yi maka iƙala, wato ya karɓi kayansa ya mayar maka da kuɗinka don Allah. Ba dole ba ne a kansa, amma Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito cewa wanda ya amince wa Musulmi ya warware ciniki, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. In ya ce zai karɓa amma a ƙasa da yadda ya sayar maka, ya halatta idan ka riga ka biya shi duka, domin sabon ciniki ne. In bashi ka ɗauka ba ka gama biya ba, kada ya saye shi hannunka da kuɗi ƙasa da bashin a take, don wannan ƙofar riba ce. Nan gaba in za ka sayi inji ko mota, ka nemi sharaɗin gwaji na kwanaki sanannu gwargwadon abin da ake buƙata a jarraba kayan, a rubuta a takarda.

Shawarar abokanka haramun ce, kada ka kusance ta. Zaluncin da aka yi maka bai ba ka izinin zaluntar wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ibn Majah ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir cewa bai halatta Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi ba sai ya bayyana masa. In mayarwa ta gagara ka yanke shawarar sayarwa, ka faɗa wa mai saye cewa an taɓa sauke injin, tana zafi, tana hayaƙi, ka nuna masa abin da bakanike ya gani. Cewa kawai ka duba da kyau ba ta isa bayani ba.

Allah ne mafi sani.