Me ya sa ɗalibaina ke maƙalewa wajen girka ƙunshin Python?

Tambaya: Ina koyar da matasa Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a unguwar Ali Dan Sofo da ke Maradi. Suna gane darasi, amma da an zo girka ƙunshin manhaja da pip, kayan aikin da ke saukewa da girka ƙunshi, sai aiki ya tsaya: wani ya girka amma kwamfuta ta ce babu, wani kuma saƙon kuskure ya tare shi. Yaya zan sauƙaƙa musu?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Matsalar ba daga ɗalibanka take ba, daga yadda aka gina kayan aikin ne. Python ya fito a 1991, pip bai zo ba sai 2008, kuma sai a 2014, da fitowar Python 3.4, aka fara haɗa su tare. Shi ya sa pip yake ɗauka mai amfani da shi ya riga ya san abin da sabon shiga bai sani ba, wato Python nawa ne a kwamfutarsa, kuma cikin wanne ake zuba ƙunshin. Wanda ya girka abu aka ce masa babu, galibi ya zuba shi a wani Python ne, yana gudanar da shirinsa da wani daban. Ka saba musu da rubuta python -m pip install maimakon pip kaɗai, domin hakan yana tabbatar da cewa Python ɗin da zai yi aikin shi ne ya karɓi ƙunshin.

Saƙon da ke cewa externally-managed-environment kuwa da gangan aka sa shi. Tun 2023, Debian 12 da Ubuntu 23.04, nau'o'in tsarin kwamfuta na Linux, suka hana zuba ƙunshi kai tsaye cikin Python ɗin da tsarin kwamfutar ya dogara da shi, don kada a lalata shi. Mafita ita ce kowane aiki ya samu keɓantaccen wurinsa da python -m venv, kamar yadda kowace mai sana'a a kasuwa take da rumfarta. Ina roƙonka ka koyar da wannan tun ranar farko, kada ka bari sai sun ci tuntuɓe, kuma kada ka nuna musu hanyar tsallake shingen.

Akwai kuma abin da masu gina waɗannan kayan ba su cika tunawa da shi ba, shi ne tsadar data da yankewar intanet. Ba dole ne kowane ɗalibi ya sauke abu ɗaya daga PyPI ba, wato rumbun ƙunshin Python da ke intanet. Ka rubuta sunayen abubuwan da darasi ke bukata a fayil mai suna requirements.txt, ka sauke su sau ɗaya da pip download, ka raba musu a filash, su girka da pip install --no-index --find-links ba tare da intanet ba. Sai dai ka tabbatar nau'in Python da tsarin kwamfutocinsu iri ɗaya ne da naka, domin ƙunshin da aka sauke don Windows ba lallai ya yi aiki a Linux ba.

A ganina nauyin gyara yana wuyan masu gina kayan aikin. Harshen Rust yana zuwa da Cargo, wanda ke kula da abin da kowane aiki ke bukata ba tare da an tambaye shi ba. A Python, wani kayan aiki mai suna uv da ya fito a 2024 ya bi wannan sahun, yana buɗe keɓantaccen wurin da kansa. Ka gwada shi da ajin da ya riga ya iya venv, saboda yawancin darussan da za su tarar a intanet har yanzu da pip aka rubuta su.