Shin Ya Halatta Ƙasa Ta Warware Yarjejeniya Don Ta Samu Ƙawar Da Ta Fi Ƙarfi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne mai karantar hulɗar ƙasa da ƙasa. Ana koya mana cewa ƙasa ba ta da masoyi ko maƙiyi na din-din-din, maslaharta kawai take bi. Ga shi muna ganin ƙasashe suna ja da baya daga Amurka da Turai suna karkata ga Sin da Rasha, har ƙungiyar BRICS (ƙawancen Birazil da Rasha da Indiya da Sin da Afirka ta Kudu) ta karɓi Masar da Habasha da Iran da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2024. Shin ya halatta shugaba Musulmi ya warware yarjejeniyar da ya sa wa hannu don ya hango riba a wani wurin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, tambayarka ta haɗa abu biyu, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Ƙulla sabuwar hulɗa da wata ƙasa, ta kasuwanci ko ta tsaro, halas ne. Shugaba yana duba maslahar jama'arsa ya zaɓa, kuma aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ba da damar kyautatawa da adalci ga duk wanda bai yaƙe mu saboda addini ba. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Inda maganar take shi ne alƙawarin da aka riga aka ɗauka. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci ainihin halin da kake tambaya a kai a Suratun Nahli, aya ta 92, inda Ya hana mu zama kamar matar da ta warware zarenta bayan ta tukka shi da ƙarfi, muna mai da rantsuwoyinmu abin yaudara don wata al'umma ta fi wata yawa. Mujahid, almajirin Ibnu Abbas, ya bayyana cewa Larabawa sukan ƙulla ƙawance da wata ƙabila, da sun ga wadda ta fi ta yawa da ƙarfi sai su warware su koma can, sai aka hana su. Ka ga ke nan sauyin ƙarfi a duniya ba sabon abu ba ne, kuma shi kaɗai bai zama uzuri ba.

Dubi ranar Badar, shekara ta 2 bayan Hijira. Musulmi ɗari uku da 'yan kai, abokan gaba kusan dubu, kowane mutum ɗaya ana bukatarsa. Ƙuraishawa sun tare Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa a hanya, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alƙawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Da suka ba shi labari, sai ya ce su koma, za a cika wa Ƙuraishawa alƙawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. Imamu Muslim ne ya ruwaito. Wannan hadisi yana girgiza ni duk lokacin da na karantar da shi, domin alƙawari ne da aka karɓa a hannun mutanen da aka tsare, ga kuma bukata ta kai maƙura, amma aka cika.

To, ko akwai ƙofar fita? Akwai. Aya ta 58 a Suratul Anfal ta ce idan ka ji tsoron ha'inci daga mutanen da kuke da alƙawari, ka jefa musu alƙawarinsu a fili, ku zama daidai wajen sanin cewa ya ƙare. A nan malamai suka saɓa. Malikawa da Shafi'awa da Hanbalawa suna ganin yarjejeniya mai wa'adi ta lizimci shugaba har wa'adin ya cika, sai in alamun ha'inci sun bayyana, dalilinsu aya ta 4 a Suratut Tauba. Hanafawa sun ba shi damar janyewa idan maslaha ta sauya. Amma dukkansu sun haɗu a kan cewa sai an sanar da ɗaya ɓangaren. Lokacin da Mu'awiya ya tunkari iyakar Rumawa da runduna don ya afka musu da zarar wa'adi ya cika, Amru bin Abasa ya riske shi yana kabbara yana cewa cikawa ake yi, ba yaudara ba. Mu'awiya ya juya da rundunarsa.

Abin da na rinjayar a wannan zamani shi ne maganar jamhuru, wato mafi yawan malamai (Malikawa da Shafi'awa da Hanbalawa). Yawancin yarjejeniyoyin yau suna ɗauke da sharaɗin fita a cikinsu, kuma Yarjejeniyar Biyana ta 1969, wadda ta tsara dokokin yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe, ta tanadi sanarwar aƙalla wata 12 a inda aka fahimci damar janyewa ba tare da an rubuta ta ba. Wanda ya bi wannan hanya ya fita, bai saɓa alƙawari ba, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wanda kuwa ya ci gaba da murmushi a teburin shawara alhali ya gama shirya cutar da abokin alƙawarinsa a ɓoye, ya aikata haramun, ko da ƙasarsa ta ci riba.

Sai dai kada a fahimci cewa kowace yarjejeniya ce ake riƙewa. Idan ƙawance ya zama ana neman ka ba da makami ko sansani ko ƙuri'a don a zalunci wasu mutane, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, wannan sharaɗin ɓatacce ne tun asali, saboda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare haddi. Wajibi ne shugaba ya ƙi, ya kuma faɗa a fili cewa ya ƙi. Wannan hukunci bai bambanta tsohuwar ƙawa da sabuwa ba, don haka kafin a yi murnar komawa gabas, a karanta abin da aka sa wa hannu.

Sannan ƙullawa da warwarewa haƙƙin hukuma ne bayan shawara da masana. Ba ya halatta wani mutum ko wata ƙungiya su taɓa jakada ko baƙon da ya shigo da aminci don suna fushi da ƙasarsa.

Wallahu a'alam.