Hukuncin ɗigon rigakafin rota, alhali maigida na zargin akwai alade a ciki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Jaririna na da mako 9. Wansa ya taɓa yin zawo da amai har aka ƙara masa ruwa, likita ya ce rota ce. Ina so in kai ƙaramin a ɗiga masa rigakafinta, sai maigida ya ce ya ji a WhatsApp da alade ake yin ta, in dakata sai ya bincika. In jira ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, abin da na riƙe a tambayarki shi ne mako 9. A Najeriya an sa wannan ɗigo cikin rigakafin yara tun 2022, kyauta, ana ba da shi sau uku: mako 6, 10 da 14. Na farko ya riga ya wuce ku, cutar kuma ta fi yi wa yara mummunan kamu tun suna jarirai, musamman lokacin hunturu. Maigidanki bai hana ki ba, shakka ce ta kama shi, kuma kishin addini ne ya sa. Ki nuna masa amsar nan cikin ladabi, ku kai yaron a makon nan. Yin rigakafin halal ne, a halinku ma abin so ne ƙwarai.

Batun alade na da tushe, kada ki ce masa ƙarya ce tsagwaronta. Wasu kamfanoni na amfani da sinadarin tirifsin, wanda ake samu daga cikin alade, wajen rainon ƙwayar cutar, daga baya a tace a wanke. A kan haka majalisar fatawa ta Malesiya ta hana nau'in RotaTeq a 2008, bisa cewa babu larura. Wannan ra'ayi ake yaɗawa, ni kuwa ban ga ƙarfinsa a nan ba. Tirifsin kayan aiki ne, ba shi ake ɗiga wa yaro ba. Ko an ƙaddara wani ɗan burbushi ya saura, ai a Malikiyya najasar da ta faɗa ruwa ba ta sauya launinsa, ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ba, ruwan na nan da tsarkinsa, har alwala ake yi da shi. Giya ma in ta rikiɗe ta zama khal, wato ruwan tsamin da ake sa wa abinci, ta tsarkaka. Da irin wannan dalili majalisar fatawa ta Turai ta halatta ɗigon shan inna a 2003, kuma tirifsin ɗin ne aka tambaye ta a kai. Maganar "babu larura" kuwa hukunci ne da suka gina kan halin ƙasarsu. Najeriya na cikin ƙasashen da rota ta fi kashe yara a duniya, kuma uwa a ƙauye kan yi tafiya mai nisa kafin ta kai inda za a ƙara wa ɗanta ruwa. Wanda ya ɗauko fatawar can ya kafa ta nan bai lura dalilinta bai biyo ta ba.

Kafin a ɗiga, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya in hanjin yaron ya taɓa naɗewa ko an ce garkuwar jikinsa na da rauni mai tsanani, domin irin waɗannan ba a ba su. Cikin makon da ya biyo baya, in kin ga kuka mai tsanani yana naɗe ƙafafu, da amai ko jini a kashi, ku tafi asibiti nan take. Da wuya hakan ke faruwa.

Ɗigon bai hana kowane zawo. In ya zo, kada ki yarda da "haƙori ne", kuma filajil ba ya kashe rota. Ƙarewar ruwan jiki ke halaka yaro. Ki narka ƙunshin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na asibiti, cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, ki ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, cokali-cokali. In ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba. Ki kuma riƙa ba shi ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata 6 ba, nono kuma kada ya tsaya. Idan ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, ko ya kasa kama nono, ya fi ƙarfin gida.

Malamanmu sun yi wa mai shayarwa rangwame kan abin da ya taɓa tufarta na kashi ko fitsarin jariri in tana iya ƙoƙarinta, sun so ta ware zanen sallah. Rangwamen na sallah ne kawai. Ƙwayar cutar na bin kashi ta kai baki, tana daɗewa a hannu da fo da tabarma, don haka wanke hannu da sabulu bayan wanke yaro da kafin dama koko ya zama dole. Manya ma na kamuwa, galibi da sauƙi, ba a yi musu ɗigon, amma ku kula da tsohuwar gida in ta kamu.

Wallahu a'alam.